Daga Sakkwato zuwa Damagaram, ga aminina Mutari

Mabera, Sakkwato
Daren Lahadi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Aminina Mutari,

Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida Rabi da yara. Yaya jikin Baba? Yaya sanyi, yaya kuma fama da 'yan lakwal? Ni dai nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka na murya ya iso tun ranar Talata, sau uku ina sauraronsa. Abu biyu ka tambaye ni: ina nake shiga Asabar da Lahadi da ba a samuna a waya, kuma yaushe zan tattaro in dawo gida. Na ɗauki waya zan amsa maka, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu. Shi ya sa na jawo kaye da bik, kamar zamanin da aka tura ka ƙauyen nan na bayan Gure ni kuma ina Mirya, muna aika wa juna takarda ta hannun direbobi. In na gama zan ɗauki hotonta in turo maka.

Har yanzu ina ɗakin nan na Mabera, a gidan dattijon da kowa ke kira Baba Alhaji. In an idar da sallar asuba ba na komawa barci. Nakan tsaya wurin mai ƙosai ta bakin masallaci, a zuba mini koko a kofina, in dawo in duba darasin ranar. Kwanakin nan hazo ya sauka sosai, ba ka hango ƙarshen layi, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su iso makaranta fuska fari fat kamar an barbaɗa musu toka. Mutanen gari cewa suke in more shi tun yana nan, kuma da gaskiyarsu, don na ga Afrilun Sakkwato bara. Zafi ya wuce digiri 40 kusan kullum, katifa kanta ɗumi take har tsakar dare, duk gidan a waje muke kwana.

Bakwai da kwata na hau kabu-kabu. Kafin takwas yara sun yi layi an rera taken ƙasa da Turanci, sannan a shiga aji. Ajujuwan ƙaramar sakandare nake ɗauka, daga na ɗaya zuwa na uku, kowane aji darasi biyu a mako, kowane darasi minti arba'in. Kai malami ne, ka san abin da minti tamanin a mako zai iya yi wa yaron da ba ya jin Faransanci a gida, ba ya jin sa a titi, ba ya jin sa a rediyo. Abin da ka shuka ran Litinin, kafin Alhamis iska ta kwashe rabi. Ƙarfe biyu a tashi. In dawo in ci tuwon shinkafa ko ɗanwake a gidan wata mai abinci da ke bayanmu, in akwai kuran in yi cajin waya, in babu in ɗauki tabarma in koma gindin dogon yaro in yi gyaran takardu. A nan har gobe NEPA suke cewa, ko da yake an daɗe da canja wa kamfanin suna. Duk sa'ad da aka ɗauke ta sai in tuna duhun da muka sha a 2023 lokacin da aka yanke mana layin da ke zuwa daga nan, in dubi maƙwabtana suna fifita da kwali, in ce ashe masu rijiyar ma da ƙishirwa suke kwana.

Ruwa kuwa saye nake, kamar gida. Ɗan ga-ruwan da ke kawo mini Ba'adare ne daga gefen Tawa. Ranar farko da na tambaye shi kuɗin jarka, na manta na ce masa dala nawa, sai ya ajiye kurarsa ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan gida ne?" Tun daga ranar in ya zo sai ya zauna mun sha shayi. Shi ne mutum na farko da na yi hira da shi a garin nan ba tare da ina auna kalmomina ba.

Don ka sani, Mutari, baƙunta cikin mutanen da kuke harshe ɗaya tana da nata nauyi. Da Kwatano na tafi ko Abijan, na san ni baƙo ne, an gama magana. Nan kuwa kana jin kowa, kowa na jin ka, amma kalma ɗaya ta isa ta tona ka. Makon farko na shiga aji na ce kowa ya fito da bik da kaye, aji ya yi tsit. Biro da littafi ake cewa. Likita a wurinsu mutum ne kawai, wurin kuwa asibiti. Duwan kwastan ne. Jaka da muke nufin sefa dubu, tsofaffinsu naira ɗari biyu suke nufi da ita. Su kuma nasu Sakkwatancin sai da kunnena ya yi wata biyu kafin ya zauna: "mi kaka so", "yat tahi kassuwa", "wanga yaro", in za a amsa maka a ce "awo". Da a Ƙonni ko Tawa aka haife ni da ban ji wani bambanci ba, amma Hausarmu ta gabas ta fi kusa da ta Kano da Daura. Tsofaffin unguwa har yau Malam na Faransa suke ce mini, yadda kakanninmu ke kiran nan Ingilishi. Ba da mugun nufi suke faɗa ba. Wanda ya taɓa ni shi ne ranar da albashi ya yi wata biyu bai fito ba, na je ofis na yi magana cikin ladabi, wani ya ce a gabana, "Ai ku 'yan Nijar akwai haƙuri." Ban ce komai ba, amma daren nan ban yi barci ba. An biya daga baya. Sai dai in na kai kuɗin wurin 'yan canji a mayar da su sefa don in aika wa Inna da Hadiza, abin da ke saura a hannuna kan sa in yi shiru. Naira ba ta da ƙarfin da take da shi lokacin da muke yara.

A cikin wannan ƙuncin ne Baba Alhaji ya lura da ni. Wata Asabar da hantsi ya leƙo ya tarar ina kwance ina kallon rufi, ya ce, "Mallam, tashi sa hularka. Ba a zama garin Shehu ba a gai da Shehu ba." Muka bi ta Kanwuri, ya nuna mini fadar Sarkin Musulmi da Masallacin Bello, muka kutsa lungunan tsohon gari har Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake. A ƙofa mabarata ne zaune jere, da masu sayar da tasbaha da turare. Muka tuɓe takalma. Mata ƙungiya-ƙungiya, wasu ka ga ƙurar doguwar tafiya a mayafansu, tsofaffi na jan ƙafa ana riƙe da hannunsu. Ciki kuwa sanyi da shiru, ba ka jin komai sai motsin leɓɓa. Muka yi sallama, muka roƙa masa gafara da rahama shi da waɗanda ke kwance kusa da shi, muka fito.

A inuwar bango Baba ya zaunar da ni ya jero mini tarihin kamar mai karanta Fatiha: hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, yaƙin Tabkin Kwatto a shekarar, faɗuwar Alƙalawa a 1808, Muhammadu Bello ya kafa garin nan a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo nan, ya rasu a 1817. Sannan ya dafa gwiwata ya ce, "To ina aka haife shi?" Na yi shiru. Ya ce Maratta, a 1754, can yankin Galmi, cikin ƙasarku ta yau. Kuma har Agadas ya bi malaminsa Malam Jibrilu neman karatu. Mutari, sau nawa motar Yamai ta wuce da mu ta Galmi, ba abin da muke kallo sai buhunan albasa a bakin hanya? An koya mana kogunan Faransa da sarakunanta, wannan kuwa sai da na tsallaka iyaka wani tsoho ya gaya mini a gindin bango. Baba ya ce, "Ka ga kuwa ba ka da baƙunta a nan." Na san lallashi ne irin na manya, amma ya shige ni, kuma daga ranar na daina kwanciya ran Asabar.

Mako na gaba ni kaɗai na tafi gidan adana tarihi na Waziri Junaidu. Akwai takubba da sulke da tambura, amma wurin rubuce-rubucen hannu na daɗe, Larabci da ajami, tawadar ta yi ja don tsufa. A can na ƙara sanin Nana Asma'u, 'yar Shehu, matar Waziri Giɗaɗo, wadda shi Waziri Junaidu daga zuriyarsu yake. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara 'yan taru: a zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye, a naɗa ta jaji, a ba ta malfa, ta riƙa jagorantar mata zuwa ɗaukar karatu, ta koma ta koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Ta rasu a 1864. Na tsaya ina tunanin taron horon malamai da muka sha zama a ciki, ana kawo mana dabarun kai ilimi karkara daga ƙasashen da ba su san karkararmu ba, alhali ga wata baiwar Allah ta yi shi a nan da malfa da waƙa, shekara fiye da ɗari da hamsin da suka wuce.

Wani abin da na riƙa juyawa a raina shi ne Giginya. Nan ne sojan Ingila suka gwabza da Sarkin Musulmi Attahiru ranar 15 ga Maris 1903, ya fita ya nufi gabas da jama'arsa, ya yi shahada a Burmi cikin shekarar. Mu kuma namu ya riga faruwa: yaƙin Tirmini da sojan Faransa a 1899, da kisan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Shekara huɗu kawai tsakani. Saboda waɗannan ranaku biyu ne yau nake tsaye gaban 'ya'yan Hausawa ina koya musu harshen da aka koya mini da bulala, su kuma suna amsa mini da wanda aka koya wa iyayensu da bulala.

Inda na fi zuwa dai ba gidan tarihi ba ne, fadama ce. In ka bi hanyar jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, za ka tarar da gadar Kwalkwalawa a kan gulbin Rima. Yanzu da rani ya kama, ko'ina ka duba kore ne shar: albasa, tattasai, tumatir, alkama, shinkafar rani. Mahaifin wani ɗalibina yana da gona a wurin, shi ya gayyace ni, yanzu kusan kowace Asabar can nake wuni. Da sanyin safiya zai ja igiyar inji sau biyu sau uku, injin ya yi tari ya kama, ruwa ya biyo tiyo ya faɗo cikin babbar hanya. Shi kuma yana tsaye da fartanya, wando a naɗe har gwiwa. Ya sare bakin fangali ɗaya ruwa ya shiga, yana kallo har ya kai wuyan albasar, ya ɗebo laka ya toshe, ya buɗe na gaba. Ba ya magana in yana wannan aiki, kuma ba ya barin ɗigo ya wuce inda ya nufa, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowane fangali da kuɗinsa. Na roƙe shi ya ba ni fartanyar, ya nuna mini yadda ake karanta gangaren ƙasa da ido. Hannuna ya yi kanta, amma rabon da in ji natsuwa irin ta wurin nan tun muna zuwa garkar kakanka a Mirya. Da azahar mu sayi soyayyen kifi a bakin gada, a barbaɗa yaji, mu ci da gurasa ko rogo, mu kora da fura. Shi ya nuna mini inda ambaliyar 2010 ta yanke hanyar, har sai da aka koma shiga jami'a da kwalekwale. Da na ce masa albasar Galmi ta fi tasu, ya yi dariya ya ce ai irin ma daga can ake sayo wani, ƙasar ce ɗaya.

Argungu sau ɗaya na je, tare da malamai biyu, tafiyar kamar kilomita ɗari. Ba lokacin bikin kamun kifi ba ne, gulbin Matan Fada kwance lumui, sai masunta ɗaiɗai da gora da homa. Mun shiga gidan tarihi na Kanta. Abin da na riƙe shi ne asalin bikin: ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato.

Wurno ma sau ɗaya, inda kabarin Muhammadu Bello yake, shi da ya rasu a 1837. Mun tafi da hantsi muka juyo kafin la'asar, direba bai yarda mu ƙara ko minti goma ba. Alƙalawa kuwa, da nake ta burin gani, Baba ya ce in cire ta a raina tukuna. Gabashin jihar nan, su Sabon Birni da Isa, 'yan bindiga sun hana mutane sakat. Ba sai an ba ka labari ba, a cikin gari kake ganinsu: mata da goyo a kangwaye da bakin shataletale, mutanen da jiya suke da rumbu da garke. Akwai yarinya a ajina na biyu da wani ɗan uwansu ya ɗauko daga can. Wata uku ba ta buɗe baki ba, in an buga ƙofa da ƙarfi sai ta zabura. Makon jiya ta ɗaga hannu da kanta ta ƙirga mini daga ɗaya zuwa ashirin ba kuskure. Na juya ga allo na daɗe ina shafe abin da babu, don kada yara su ga idona. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, nan da can gefen Maraɗi.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Wani yaro mai kaifin kai a aji uku ya tsayar da ni kwanaki, ya ce, "Mushe, an ce ƙasarku ta kori sojan Faransa, kuma ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To mu don mi muka koyon wanga abu?" Gaskiya ya faɗa, sojan sun fita a ƙarshen 2023, dokar kuma ta fito a Maris na 2025, kuma ka san irin farin cikin da na yi da ita. Na ce masa ya tambayi mahaifinsa da wane harshe ake rubuta takardar da ake miƙa masa a duwan ɗin Ƙonni. Na ce ya dubi taswira: Benin, Nijar, Cadi, Kamaru, duk maƙwabtan Najeriya da Faransanci suke aikin ofis. Ban ce ya so Faransa ba, na ce kada ya yarda a rubuta abu a kansa bai iya karantawa ba.

Ashe yaron ya kai maganar gida. Bayan kwana uku sai ga mahaifin da abokinsa, direbobi ne masu jigilar Illela da Ƙonni. Suka ce sau da yawa ana miƙa musu takarda su sa hannu, a karɓi kuɗi, ba su san na mene ne ba. Yanzu duk Lahadi bayan la'asar mutum bakwai ke zama a ƙofar gidan Baba, direbobi huɗu, 'yan albasa biyu, da wani mai sayar da fata daga cikin gari. Ba littafi muke bi ba. Kowa ya zo da tsohon rasit ko takardar mota daga aljihunsa, mu shimfiɗa a tabarma mu bi ta kalma kalma, su rubuta ma'anar da ajami a gefe. Ni kuma in hura gawayi in ɗora 'yar butata, in yi musu shayi irin na fadarmu, zubi uku, ba irin nasu mai madara a babban kofi ba. Nan majalisa suke ce wa fada. Ɗazu da yamma ɗaya daga cikinsu, mutum mai furfura, ya karanta kwanan wata da adadin kuɗi a rasit ɗinsa shi kaɗai, ya ɗago ya dube ni, ya ce a wannan takardar an caje shi daidai. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa jin amfanin abin da na sani kamar yau ba.

Saboda haka, aminina, ba zan dawo a bana ba. Na yanke shawarar ƙara shekara guda, in ga 'yan aji biyun nan sun gama, in ga dattawan nan sun tsaya da ƙafarsu. Na san abin da Inna za ta ce, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Shi ya sa nake roƙonka, don Allah ka je da kanka ka same ta bayan magariba, lokacin da ta idar da lazimi, ka fara shimfiɗa mata maganar kafin in kira. Tana jin maganarka fiye da tawa. Ka gaya mata ina nan tafe da ƙaramar salla in Allah ya kai mu, kuma niyyata in taho da Hadiza da Abdu in mun juyo, Baba ya ce zai ba ni ɗaki biyu na ciki da wani ɗan haya zai tashi. Da Hadiza mun riga mun yi magana, ta amince. Takardar haihuwar Abdu tana cikin akwatin ƙarfe na ɗakina, ka karɓa ka yi mini kwafi biyu a buga musu hatimi, don za a nema wurin sa shi makaranta.

Kai ma ina so ka zo, zumunta a ƙafa take. In an ba ku hutu ka hau motar safe zuwa Ƙonni, ta Maraɗi da Madawa, ka kwana can, da safe ka tsallako Illela. Daga nan zuwa Sakkwato bai kai tafiyar awa biyu ba in hanya ta yi kyau, ni zan tarye ka a tasha. Ka taho da katinka na ɗan ƙasa, kuma kada ka yi canji a bakin iyaka, akwai wanda na sani a cikin gari. In kun iso Galmi ka dubi hagu da dama da kyau.

In ka samu mai zuwa kafin nan, ka aiko mini da ganyen shayi irin wanda muke saye a kasuwar Dole, da tsofaffin littattafan karatu na 'yan aji ɗaya da biyu na firamare, ko sun yage, dattawana za su amfana da su. Na ba direban da zai kawo maka saƙo takalmin fata biyu ɗinkin Sakkwato, babban na Baba ne, ƙaramin na ɗiyata Zainabu, in bai yi mata ba a ba ƙanwarta.

Ka gai da Rabi da yara, ka gai da Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gai da mutanen fada ɗaya bayan ɗaya, har da mai shayi. Baba Alhaji ma yana gaishe ka, ya ce yana jiran ganinka.

Wassalam. Naka har kullum,

Laminu